Kana Jidda, rumfarka tana Ƙofar Marusa: yadda mazaunin ƙasar waje zai yi zaɓe

Shagona yana bakin titin IBB a cikin Katsina. Ina yankar wa mutane tikitin jirgi, ina cike musu fom ta intanet, ina buga takardu da hoton fasfo. Da zarar an fara kaɗa gangar siyasa, wayata ba ta ƙara hutawa. Saƙon murya ne daga Jidda da Madina, daga ɗalibanmu na Alƙahira da Malesiya, daga ma'aikatan jinya da suka tafi Ingila. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, an ce an buɗe wani shafi da mu na waje za mu shiga mu kaɗa ƙuri'a ta waya, gaskiya ne?"

Ba gaskiya ba ne. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu, ɗan Najeriya da ke zaune a ƙasar waje ba shi da hanyar yin zaɓe daga can. Babu ta intanet, babu ta gidan waya, babu a ofishin jakadanci, babu kuma wakilta wani ya dangwala maka. Duk shafin da ya ce ka shigar da lambar katin zaɓenka ko NIN ko BVN domin ka yi zaɓe daga Saudiyya, ɓarawo ne yake harin asusunka. A farkon 2023 sau uku ana turo mini irin wannan shafi ta WhatsApp, har da tambarin gwamnati a samansa. Wata baiwar Allah da ke aikatau a Makka ta riga ta cike nata kafin ta tambaye ni. Sai da muka kira ɗanta ya ruga banki aka toshe katin cirar kuɗinta.

Ƙofar a kundin tsarin mulki take kulle. Sashe na 77(2) na kundin 1999 ya ce wanda za a yi wa rajistar zaɓe shi ne ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 kuma yake zaune a Najeriya lokacin rajistar, sashe na 117(2) ya maimaita haka game da majalisun jihohi. Muddin wannan magana tana nan, hukumar zaɓe ta INEC ba ta da ikon kafa rumfa a Jidda ko Yamai ko da tana so. An kai ƙudurin gyara wurin gaban Majalisar Tarayya, aka kaɗa masa ƙuri'a ranar 1 ga Maris 2022, bai tsallake ba. Mutanen da Bankin Duniya ke lissafin suna aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara, su ne ba su da ta cewa a kan wanda zai riƙe ƙasar sai sun hau jirgi. Abin yana ci mini rai. Amma mai son yin zaɓe mai zuwa ba zai jira gyaran doka ba, zuwa da kai ne kawai. Ƙanena ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Jidda tun 2016. Sau biyu muna gwada kawo shi zaɓe, na farko ya ɓaci, na biyu ya yiwu, kuma daga abin da muka gani nake ba da wannan shawara.

Fara da sanin matsayinka, tun ana saura shekara guda ko fiye. Mutane iri uku ne ke zuwa mini. Akwai wanda bai taɓa rajista ba, akwai mai rajista a garin da ya daɗe da bari, akwai wanda katinsa ya ɓata ko ya karye. Idan ka taɓa yi, shiga shafin hukumar na rajista, cvr.inecnigeria.org, ka nemi wurin duba sunan mai zaɓe. Za ka zaɓi jiha da ƙaramar hukuma, ka sa sunanka da ranar haihuwa yadda ka ba da su ranar rajista, sai ya nuna maka mazaɓa da rumfar da kake. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi wanda aka turo maka. Kuma kada ka dogara da abin da ka tuna. A 2021 an ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846, an kuma karkasa wasu masu cunkoso, har mutane da dama suka wayi gari sunansu na wata rumfa a bayan layinsu.

In sunanka ya fito, to kada ka kuskura ka sake sabuwar rajista, ko da katin ya ɓata tun zamanin da. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa 31 ga Yulin 2022, mutum fiye da miliyan 12 suka kammala, hukumar ta soke fiye da miliyan 2.7, akasari saboda rajista sau biyu. Na'ura tana gane yatsa da fuska, kuma laifi ne a doka. Wanda katinsa ya ɓata, sabon kati zai nema a shafin. Wanda ya bar gari, sauyin rumfa zai nema.

Ƙanena yana cikin kashi na biyu. A Zariya ya yi rajista a 2011 lokacin yana aiki can, can ya yi zaɓen 2015. A watan Maris na 2022 muka nemi a dawo da shi rumfar unguwarmu a Ƙofar Marusa. Yana ɗakinsa a Jidda bayan ya taso daga aikin dare, ina shago, muna magana ta bidiyo. Ya buɗe asusu da imel ɗinsa, ya sa lambar da ke jikin tsohon katin, ya zaɓi Katsina, ya zaɓi mazaɓa, ya zaɓi rumfa. Da aka zo wurin hoto sai shafin ya ƙi karɓa har sau huɗu, saboda labulen da ke bayansa mai zane ne kuma fitilar ɗakin ja ce. Na ce masa, "Tashi ka fita baranda, ka jingina da farin bango, ka cire tabarau." Nan take ya shiga. Aka ba shi takardar shaida, ya turo mini, na buga kwafi biyu, ɗaya a aljihun teburina, ɗaya a adakar Inna. Ka adana wannan takarda kamar rasiɗin fili. In an rubuta maka ranar zuwa ofis a jikinta, to zuwan wajibi ne.

Wanda bai taɓa rajista ba, nasa ya fi wuya. Abin da ake yi ta intanet share fage ne kawai: ka cike bayananka, ka zaɓi rana. Rajista ba ta cika sai ka tsaya da ƙafarka a gaban jami'i an ɗauki yatsunka da fuskarka. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda mutum ya yi a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake, amma ta ce ya gabatar da kansa. A zagayen da ya gabaci zaɓen 2023 mutum fiye da miliyan 10 suka fara ta intanet, kimanin miliyan 7 daga cikinsu ba su je an ɗauki yatsunsu ba, aikinsu ya tashi a banza. Saboda haka idan za ka zo hutun Sallah ko bikin wani a gida kuma rajista tana buɗe, ware safiya guda ka je ofishin hukumar na ƙaramar hukumarku. Kada ka bari sai zuwa na gaba. Dokar ta 2022 ta ce a rufe rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, amma a aikace an rufe ta 2022 ana saura kusan wata bakwai. A Agustan 2025 aka sake buɗewa, ta intanet ranar 18, ta zuwa ofis ranar 25. Jadawalin yana shafin hukumar, riƙa leƙawa duk wata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: karɓar katin. Ba a karɓar wa wani. Ba a bai wa uwa, ba a bai wa wa, ba a bai wa mai unguwa. Ni da kaina na je da takardar ƙanena da hoton fasfonsa, aka ce mini cikin mutunci sai mai shi ya zo, kuma na ga dacewar hakan, don in ana bai wa kowa katin kowa, da 'yan siyasa sun kwashe su buhu-buhu. Matsalar mazaunin waje ita ce ana rufe rabon kati tun kafin ranar zaɓe. A wancan karo an fara ranar 12 ga Disamba 2022, aka sa 22 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara zuwa 29, sannan 5 ga Fabrairu 2023. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa 25 ga Fabrairu. Wanda ya sauka ana saura mako guda da niyyar ya karɓi kati ya yi zaɓe, ya tarar an rufe tun kwana goma sha uku da suka wuce. Na san mutum biyu da haka ta faru da su, ɗaya daga Dubai, ɗaya daga Turkiyya, kuma a 2023 babu kati babu zaɓe.

Mafita biyu ce. Ko dai ka zo sau biyu, ko ka ɗauki dogon hutu da zai haɗa karɓar kati da ranar zaɓe. Ƙanena na biyun ya yi. Ya hana kansa hutu a 2022, ya tara kwanakinsa, ya rubuta wa shugabar sashensu tun watan Oktoba. Ya sauka Kano ranar Laraba 18 ga Janairu, ya koma 4 ga Maris, kwana 45 cif. Da muka yanki tikitin ba mu san za a ƙara wa'adin karɓar kati ba, kuma ko yau ba zan shawarci kowa ya gina tafiyarsa a kan fatan ƙarin wa'adi ba. Masu zama Saudiyya su duba abu biyu kafin komai: igama, wato takardar izinin zama, kada ta ƙare kana gida, bizar fita da dawowa kuma ta zarce ranar komawarka da aƙalla mako biyu. Ɗalibai su duba kada zaɓen ya faɗa cikin jarrabawa. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Dalilin wannan ratar mako biyu shi ne abin da ya same mu a 2019. An sa zaɓen ranar Asabar 16 ga Fabrairu. Ƙanena ya zo da hutun kwana goma, ni na yanka masa tikiti mafi araha, irin wanda ba a canza masa rana, komawa Laraba 20 ga wata. Ranar Juma'a ya tafi Zariya ya kwana wurin abokinsa don ya yi sammakon layi. Cikin dare, ana saura sa'o'i kaɗan a buɗe rumfuna, aka sanar an ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata. Da asuba ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yaya, ka ji?" Na ce na ji. Muka yi shiru. Sabon tikiti ya fi ƙarfinmu a lokacin, wurin aiki kuma ba za su ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Ranar Laraba na raka shi filin jirgin Malam Aminu Kano da katinsa a aljihu, bai dangwala ba. Lissafinmu ne bai cika ba, domin tarihi ya riga ya nuna mana. A 2011 an dakatar da zaɓen 'yan majalisa na 2 ga Afrilu bayan an fara shi a wasu wurare. A 2015 an ɗaga daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Ko a 2023 na gwamnoni ya tashi daga 11 zuwa 18 ga Maris. Don haka ka biya ƙarin kuɗin tikitin da ake iya canza wa rana, ka kuma sa komawarka aƙalla kwana bakwai bayan zaɓe. In zaɓen ya kusanci azumi, kama kujerar komawa Jidda da wuri, 'yan Umara suna cika jirgi kuma farashi yana tashi kullum.

Lokacin zuwa ma ka bar wa hanya haƙƙinta. Zaɓukanmu a 'yan shekarun nan suna faɗowa ne cikin hunturu ko ƙarshensa, hazo kan hana jirgi sauka a Kano, a karkatar da shi Abuja ko a kwana ana jira. Ka iso gida ana saura aƙalla kwana uku. Masu zuwa ta ƙasa daga Maraɗi ta Jibiya, ko daga Damagaram ta Kwangwalam zuwa Daura, su sani ana rufe iyakokin ƙasa ranar zaɓe, kuma tun jajibiri bincike yake tsananta. Ku tsallako tun Laraba ko Alhamis, da takardunku na shaidar ɗan ƙasa a hannu. A nan zan faɗi wata magana ga 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, da yake jini ɗaya muke kuma auratayya ta haɗa mu: wanda ba ɗan Najeriya ba kada ya yarda wani ɗan siyasa ya yi masa katin zaɓe. Jami'an shige da fice suna ƙwace su, kuma shi za a kama, ba wanda ya kai shi ba.

Ka zo da 'yan kuɗin kashewa a hannu, ka kuma farfaɗo da asusunka na banki da layin wayarka na gida tun kana can. Zuwan ƙanena ya faɗa cikin canjin takardun naira, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na shayi. Layinsa na gida an daɗe da rufe shi saboda rashin amfani, saƙon banki ba ya shigo masa, kwana huɗu yana zirga-zirga kafin ya daidaita.

Washegarin saukarsa muka je makarantar firamaren da ake rabon kati na mazaɓarmu. Katunan suna cikin kwalaye, an ɗaure su da roba rumfa-rumfa. Ya miƙa takardarsa da tsohon katin Zariya. Yarinyar da ke rabon ta yi ta bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta wuce, ta dawo, sannan ta zaro ɗaya ta ɗaga ta dubi hoton ta dubi fuskarsa. Ya sa hannu a rajista, ya dangwala. Da muka fito bakin ƙofa ya tsaya yana juya katin, ya karanta sunan rumfar da ƙarfi kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Kai ma ka karanta naka a wurin: suna, hoto, lambar rumfa. Kafin ranar zaɓe ka taka da ƙafa ka ga rumfar da idonka, domin ranar ana hana zirga-zirgar ababen hawa tun tsakar dare har yamma, inda ƙafarka ba za ta kai ka ba, ba za ka je ba. Wannan ma dalili ne na dawo da rajistarka kusa da gidan da za ka sauka.

Ranar Asabar ɗin zaɓen, 25 ga Fabrairu, muka fita bayan mun karya, da sauran sanyi. An liƙa sunaye a bango, ya nemo nasa da lambarsa. Layin maza daban, na mata daban, Inna tana can gaba da yake ana fara sallamar tsofaffi. A ƙa'ida ana buɗewa 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi. Da aka zo kansa, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi karanta yatsansa. Shekara bakwai yana wanke hannu da sinadari sau talatin a yini, zanen yatsun ya shafe. Ya gwada babban yatsa, ya gwada manuniya, shiru. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi cikin wannan sanyi. Sai mai yi wa ƙasa hidimar da ke riƙe da na'urar ya ce, "Yallaɓai, cire hular, dubo nan." Ya ɗauki fuskarsa, ta amsa. Masu aikin asibiti, masu gini, masu wanki, mata masu ƙunshi, ku san da wannan: in yatsa ya ƙi, akwai fuska, kada ku juya ku tafi. Aka ba shi takardu uku, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Ba a shiga wurin dangwalawa da waya. Ya fito da tawada a farce, ya nuna wa Inna, ta ce, "To, Allah ya sa a dace, ɗan nan." Na gwamna kuwa bai same shi ba, ya riga ya koma. In hutunka ba zai ɗauki duka biyun ba, zauna tun farko ka yanke wanda ya fi maka muhimmanci.

Akwai wasu da nasu ya bambanta, wato masu ƙasa biyu. Sashe na 28 na kundin tsarin mulki bai hana wanda aka haifa ɗan Najeriya riƙe wata ƙasar ba, kuma wasu ƙasashen suna bari a yi zaɓensu daga nan Katsina. Wani likita da ke zaune a GRA ya yi shekaru a Amurka har ya zama ɗan ƙasa, sannan ya dawo gida. A Janairun 2024 ya shigo shagona da fom ɗin da suke kira FPCA, wanda shi ne rajista, shi ne kuma neman a aiko maka takardar zaɓe. Na buga, ya sa hannu, na ɗauka a na'ura, ya tura ta imel zuwa ofishin zaɓe na gundumar da ya zauna ƙarshe. Dokarsu ta 1986 ce ta ba mazauna waje wannan dama, kuma tun gyaran 2009 wajibi ne a aiko musu takardar zaɓe kwana 45 kafin ranar. A Satumba ta iso ta imel. Takardarsu ta fi tamu ta A4 gajarta da faɗi, sai da na daidaita injin don kada gefe ya yanke. Ya karɓi baƙin biro, ya juya mini baya a kan bencina, ya cike, ya sa a ambulan, ya sa wannan a cikin wata ambulan mai sa hannu, ya ce zai miƙa a ofishin jakadancinsu a Abuja su tafi da ita. Ya ce, "Malam, kowace jiha da tata ƙa'ida, wasu suna karɓa ta imel, tawa sai takarda." Duk mai wannan hali ya sake aika FPCA a farkon kowace shekara, in takardar ta makara kuma akwai ta gaggawa mai suna FWAB. Masu fasfon Birtaniya, tun 16 ga Janairu 2024 an cire musu iyakar shekara 15 da a da ke hana wanda ya daɗe a waje yin zaɓe. Rajista ta intanet ce, ana sabunta ta duk shekara uku. Daga nan ya fi kyau su wakilta amintacce a can ya kaɗa musu, don wasiƙa ba ta cika zuwa ta koma a kan lokaci ba.

Ranar da likitan nan ya fita da ambulan ɗinsa na daɗe zaune. A kan benci ɗaya na buga wa mutum takardar zaɓen Amurka a kan naira ɗari biyar, ƙanena kuwa sai da ya ba da hutun shekara biyu da albashin wata guda kafin ya dangwala sau ɗaya. Kuma ba sai an je Amurka ba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar Nijar mai kujeru 171 ta ware 5 ga mazauna waje. Senegal ta ware 15 cikin 165. Kenya ta bar 'yan ƙasarta a ƙasashe 12 sun zaɓi shugaban ƙasa a 2022. 'Yan Afirka ta Kudu suna yi a ofisoshin jakadancinsu. A asibitin da ƙanena ke aiki, abokan aikinsa 'yan Filifin da Indonesiya ba sa barin Jidda don zaɓe. Gana kuma ta yi dokar tun 2006 amma ba ta aiwatar ba, wanda ke nuna ko an gyara doka sai an bi ta da tsari da kuɗi.

Da za a tambaye ni, ban goyi bayan a fara da intanet ba, duk da cewa da ita nake cin abinci. Ana yawan kawo misalin Estoniya, wadda ta fara tun 2005, har a zaɓen majalisarta na 2023 fiye da rabin ƙuri'u ta intanet aka kaɗa. Amma mutanen ƙasar duka ba su kai rabin masu rajistar zaɓe a jihar Katsina ba, da yake mu mun haura miliyan 3.5. Kowannensu yana da katin ɗan ƙasa mai sirrin sa hannu, kuma sun bar mutum ya sake kaɗa ƙuri'arsa kafin wa'adi ya cika, ta ƙarshe ce ake ƙirgawa, don in an tilasta masa da safe ya gyara da dare. Faransa ma ta dakatar da nata na mazauna waje a zaɓen 'yan majalisa na 2017 saboda tsoron masu kutse, sai 2022 ta dawo da shi. Ni abin da nake hangowa ɗaki ne a Jidda mai mutum goma sha biyu, wani dillali ya shigo da riyal a aljihu ya ce kowa ya kawo wayarsa. A rumfa aƙalla akwai lungun da mutum zai shiga shi kaɗai. Abin da ya dace da mu shi ne a fara da zaɓen shugaban ƙasa kawai, a ofisoshin jakadanci, da BVAS da akwati da wakilan jam'iyyu, a ƙirga a gaban kowa. Ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda yana ɗaukar yatsun mutane don fasfo, ana kuma yin rajistar NIN a ƙasashen waje. Hannun da ya iya wannan zai iya wancan.

Gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Katsina tana da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 15, 'yan majalisar jiha 34, kuma kowannensu ɗan wata unguwa ne da ka sani. Idan ka zo gida, je ofishin mazaɓa na naka da rubutacciyar takarda, da sunayen 'yan ƙungiyarku ta can da garuruwansu na nan, ka tambaye shi ina ya tsaya a kan ƙudurin. Ku aika kwafi ga NiDCOM, hukumar kula da mazauna ƙasashen waje. Takardar da ƙanena da abokansa suka kai a 2023 tana da sa hannun mutum 41, ni na buga ta, kuma kwafinta yana nan a shago ga duk ƙungiyar da ke son ta ɗora tata a kai.

Katin kuma, bayan zaɓe, kada ka bar shi a gida wai don kada ya ɓata, kada kuma ka bai wa kowa ajiya, musamman mai cewa zai rubuta lambarsa don tallafi. Ƙanena ya ɗauki hotonsa gaba da baya ya ajiye a imel, shi kuma katin yana cikin rigar fasfonsa, bayan igama. Idan hukumar ta kafe sunaye don gyara da ƙorafi kafin zaɓe, ni nake zuwa makarantar in duba nasa a bango, in ɗauki hoto in tura masa.